Matambayi Ba Ya Ɓata: Waiwaye Kan Koyar da Tarihi a Makarantunmu

Gabatarwa

A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa darasin tarihin Nijeriya ya zama tilas ga kowane ɗalibi, tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Mu da muka ƙarar da ƙuruciyarmu tsakanin allo da alli mun yi murna da jin haka, sai dai murnar tana tafe da tunani. Wannan darasi ya taɓa zama a aji, ya yi rauni, har aka wayi gari babu shi. Idan ba mu gano abin da ya raunana shi a da ba, zai dawo ne ya sake kwanciya a inda ya kwanta. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne, tarihi yana yin rai a aji idan aka koyar da shi ta hanyar tambaya da bin diddigi, kuma aka fara daga ƙasar da yaro yake takawa da ƙafarsa.

Daga elementare zuwa samun 'yancin kai

Kafin zuwan boko, tarihi a ƙasar Hausa yana hannun mutane iri uku. Akwai malamai masu rubutu da Larabci da ajami, akwai maroƙa da makaɗan fada masu riƙe da jerin sarakuna da kirarinsu, sannan akwai dattawa da tsofaffin mata masu ba da labarin kaka da kakanni a dandali da tsakar gida. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, inda aka juyo tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausar boko, har da tarihin sarakunan Kano. Ta haka ɗan elementare ya san Bagauda da Rumfa da harshensa. Amma da ya yi nisa a karatu, sai ya tarar da tarihin Ingila da na daularta sun cika manhaja.

Gab da samun 'yancin kai masana 'yan ƙasa suka tashi tsaye. A 1955 aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya bisa jagorancin Farfesa Kenneth Dike, kuma a shekarun 1960 daulolin Gana, Mali, Songhai da Borno da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka sami gurbi a littattafan sakandare. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce. Sai dai abin da ake koyarwa ne ya canza, hanyar koyarwar ta tsaya cik. Malami ya rubuta a allo, ɗalibai su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su juye abin da suka ɗauka, bayan mako guda kuma ya bi iska.

Kada a ɗauka muna raina hadda. Mu mutanen hadda ne, kuma wanda bai riƙe shekaru da sunaye a kansa ba ba shi da abin da zai yi tunani a kai. Amma ko a zauren malam, bayan hadda akwai fassara da sharhi da tambaya. Darasin tarihi na boko ya ɗauki rabin farko, ya bar na biyu.

Zuwan ilimin zamantakewa

A shekarun 1960 ne wani sabon tunani ya shigo daga Amurka, wanda asalinsa ke komawa ga masana irin su John Dewey da Jerome Bruner. Gundarin tunanin shi ne, yaro ya fi riƙe abin da ya gano da kansa a kan abin da aka ɗura masa. An fara gwada darasin ilimin zamantakewa a makarantar sakandare ta Aiyetoro, wadda aka buɗe a 1963 a tsohuwar Jihar Yamma. A 1968 wakilan ƙasashen Afirka suka haɗu a Mombasa ta ƙasar Kenya suka amince a yaɗa darasin, kuma a 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas. Daga nan aka sami Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982. A ƙarƙashin wannan tsari aka narkar da tarihi da labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa cikin darasi guda a firamare da ƙaramar sakandare, tarihi kuma ya koma darasin zaɓi a babbar sakandare.

A takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai. An so ɗalibi ya fita daga aji ya je kasuwa, ya je fadar dagaci, ya je asibiti, ya yi tambaya, ya dawo ya ba da rahoto. Mu da muka shiga kwalejojin horon malamai a waɗannan shekaru an karantar da mu duk waɗannan dabaru. Amma lokacin ya zo daidai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda aka shirya wa yara kimanin miliyan 2.3, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Azuzuwa suka cika maƙil, aka yaye malamai cikin gaggawa, kayan aiki suka yi ƙaranci, jarrabawa kuma ta ci gaba da tambayar abin da aka haddace kawai. Ƙarshenta darasin da aka ƙirƙiro don a yi bincike ya zama shi ma kwafe daga allo: ma'anar iyali, ire-iren aure, ayyukan ƙaramar hukuma.

A babbar sakandare kuwa, ɗalibai suka lura darasin gwamnati ya fi sauƙin ci a jarrabawa, sai suka yi ta guje wa tarihi. Saboda haka, lokacin da manhajar ilimin bai-ɗaya ta 2007 ta fito ba tare da gurbin tarihi ba, kuma aka ce an cire shi daga zangon karatu na 2009 zuwa 2010, gaskiyar magana ita ce mara lafiyan ya daɗe a kwance. Masana sun yi ta kuka har aka ƙaddamar da sabuwar manhajar tarihi a 2018, zamanin Minista Malam Adamu Adamu. A watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin dawo da darasin, tare da shirin horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. Idan aka raba ɗari ga ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, kowace ba za ta sami huɗu cikakku ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna mana cewa aikin ya fi ƙarfin gwamnati ita kaɗai.

Bin diddigi gadonmu ne

Wasu za su ce koyarwa ta hanyar bincike baƙon abu ne da aka ɗauko daga Turai. Gaskiya ne a Ingila an fara wani shiri a 1972 wanda ya sa ɗalibai 'yan shekara 13 zuwa 16 su riƙa auna shaidun tarihi kamar yadda mai binciken laifi ke yi, kuma shirin ya canza yadda ake koyar da darasin a can. Amma mu ba mu buƙatar zuwa nesa neman wannan hanya. Malaman hadisi sun shekara fiye da dubu suna tambayar kowace ruwaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, mai gaskiya ne, yana da riƙo? Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya lissafa hanyoyin da ƙarya ke shiga labari, kamar son kai ga ɓangare guda, da yarda da mai ba da labari ba tare da tantancewa ba, da neman yardar masu mulki, da kuma zuzuta yawan runduna fiye da abin da hankali zai ɗauka.

A zamaninmu ma masanan Jami'ar Ahmadu Bello sun bi wannan tafarki. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya auna labarin Bayajida da ma'aunin hujja, ya nuna cewa kafuwar daulolin Hausa ta fi fahimtuwa idan aka dubi yadda ƙauye ke zama gari, gari ya zama birni, ta dalilin noma da ƙira da kasuwanci. Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, ya bi garuruwa da ƙauyukan Katsina yana zama da dattawa, yana gwada maganarsu da rubuce-rubucen malamai da na matafiya Turawa, kafin ya fitar da littafinsa a kan tarihin Katsina a 1981. Haka kuma labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya tabbatar da cewa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya zama madogara ga masanan duniya. Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan hanya daga jami'a zuwa ajin sakandare, daidai da hankalin yara.

Misali daga maƙwabta

Domin kada magana ta tsaya a sama, bari mu ɗauki misali daga yankinmu. Lokacin da Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta a 1819, garuruwa da yawa sun yi masa bore. Cikin waɗanda suka ƙi yi masa mubaya'a akwai Ɗantunku, wanda ƙarfinsa ya kafu a arewacin ƙasar Kano, wajen Dambatta. An shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa. Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, da ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar da Sarki yana fama da wannan yaƙi. Daga bisani Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da ƙafarta a matsayin masarauta, kuma Dambo ɗan Ɗantunku ya gaji mahaifinsa a 1824.

A tsohuwar hanya, malami zai rubuta wannan a layi biyar, yara su kwafa, shi ke nan. A hanyar bincike kuwa, sai ya rubuta tambaya guda a allo: shin Ɗantunku ɗan tawaye ne, ko kuwa mai kafa ƙasa? Sannan ya raba ajin ƙungiya-ƙungiya. Ƙungiya ɗaya ta karanta labarin yadda ake ba da shi daga ɓangaren Kano, inda ake ganin mutumin da ya fita daga biyayyar sarkinsa. Ta biyu ta karanta yadda ake ba da shi a Kazaure, inda ake ganin jarumin da ya karɓi tuta daga hannun Shehu, don haka ba ya ƙarƙashin kowa sai Sakkwato. Ta uku ta duba abin da Clapperton ya rubuta, ta kuma tambayi kanta: wannan mutum ya gani da idonsa, amma baƙo ne a Kano, daga bakin Kanawa da fataken Larabawa ya ji bayani, to yaya za mu auna maganarsa? Ta huɗu ta dubi hukuncin Sarkin Musulmi, ta yi tunanin abin da ya sa ya zaɓi sulhu. Har ma akwai saɓani tsakanin marubuta a kan wanda ya mai da garin Kazaure mazaunin sarauta, wasu su ce Ɗantunku ne, wasu su ce Dambo. Wannan saɓani dama ce ga malami ya nuna wa yara cewa littafi ma mutum ne ya rubuta shi.

A ƙarshen darasi kowane ɗalibi ya rubuta amsarsa a shafi guda, da sharaɗin ya kawo hujja biyu, ya kuma ambaci hujjar da ta saɓa wa ra'ayinsa. Yaron da ya yi wannan aiki ba zai manta 1819 da 1824 ba, domin ya yi gardama a kansu. Abin da ya fi haka muhimmanci, ya koyi cewa mutum guda yana iya zama abu biyu a idon jama'a biyu, kuma ba lalle ne ɗayansu maƙaryaci ne ba.

Tambayoyin da ke jiran yaran Kanya Babba

Garinmu kansa cike yake da tambayoyi. Me ya sa aka kira shi da sunan itacen kanya, kuma me ya sa aka ƙara masa Babba? Wace unguwa ce ta fara kafuwa, kuma wace rijiya ce mafi tsufa? Daga ina fatake suke zuwa kasuwarmu a da, kuma me suke kawowa? Lokacin da mayaƙan Damagaram suka riƙa kawo hari arewacin ƙasar Kano a ƙarshen ƙarni na 19, ina kakanninmu suke fakewa? Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun shata iyakar da ta raba mu da 'yan uwanmu na Nijar. Waɗanne gidaje ne a garin nan suke da dangi a Magarya da Damagaram har yau?

Haka kuma ɗalibi yana iya zama da kakansa ya lissafa hukumomin da suka mulke shi ba tare da ya taɓa sauya gida ba: Lardin Kano da En'e a zamanin Jihar Arewa, Jihar Kano daga 1967, gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Jihar Jigawa daga 27 ga Agusta 1991, da komawar ƙasar Babura ƙarƙashin Masarautar Ringim a wannan shekara. Me ya canza a rayuwarsa a kowane mataki, me kuma bai canza ba? Ga kuma tarihin ciki da aljihu. Bayan jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyaɗa ta zama kuɗin haraji da na aure. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki. Akwai dattawa da suka ga duk wannan da idonsu, kuma sun ji labarin yunwar 1914 daga iyayensu. Wannan shi ne ilimin zamantakewa na gaskiya, kuma ba ya buƙatar wani kayan aiki da ya wuce littafin rubutu da biro da ladabi.

Matsalolin da ba za mu ɓoye ba

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hanyar bincike tana cin lokaci, manhaja kuma tana da tsawo, don haka malamin da ke da aji cike da yara ba zai iya yin haka kowane mako ba. Amma bincike ɗaya mai kyau a kowane zango ya fi babu. Na biyu, malami ba zai iya jagorantar bincike a kan abin da shi kansa bai karanta ba, kuma yawancin takardun da ake buƙata suna birni.

Na uku, akwai iyayen da za su ji tsoron kada a koya wa yara musu da manya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma maganinsa yana hannun malami. Ya koya wa yaro ya durƙusa ya gaida dattijo, ya saurara har ya gama, ya yi godiya, sannan idan ya koma aji ya gwada abin da ya ji da abin da wani dattijon ya faɗa. Auna labari daban, raina mai labari daban. Na huɗu, tona tarihi yana iya taɓo abubuwa masu zafi, kamar asalin gidaje da zamanin bauta da rikicin gona ko na sarauta. Wajibi ne malami ya san inda zai tsaya, ya nemi shawarar masu gari kafin ya tura yara cikin unguwa, kuma ya hana a mai da abin da aka ji abin gori.

Duk da waɗannan matsaloli, barin aikin ya fi haɗari. A yau kowane matashi yana riƙe da waya, kuma ta Facebook da WhatsApp labaran tarihi na ƙarya suna shigowa dare da rana, wasunsu an ƙirƙire su ne musamman don a raba Bahaushe da Bafulatani waɗanda suka yi ƙarnuka suna auratayya da cin kasuwa ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya saba tambayar wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake nema, ba za a ja shi da hanci cikin sauƙi ba.

Abin da ya rage gare mu

A nan ne aiki ya zo kanku, 'yan uwa mazauna birni. Waɗanda ke Kaduna suna kusa da gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta a kan gundumomin Lardin Kano suke ajiye, suna kuma kusa da Gidan Arewa. Waɗanda ke Kano ga Gidan Makama ga Gidan Ɗan Hausa. Idan ƙungiya ta wakilta mutum biyu ko uku suka nemo abin da ya shafi ƙasar Babura da Dambatta da Kazaure, aka fassara shi zuwa Hausa mai sauƙi, aka buga ɗan ƙaramin littafi aka raba wa makarantunmu, malamai sun sami abin riƙewa.

Sannan kowa ya duba akwatin mahaifinsa. Tsohuwar takardar haraji ko ta jangali, wasiƙar ajami, hoton ranar salla, katin makarantar elementare, duk shaidu ne da za a iya ɗaukar hotonsu a mayar wa mai su. Idan kuka zo gida hutu, ku ba da sa'a guda ku ɗauki muryar tsofaffin gidanku da waya, maza da mata, tare da izininsu, ku rubuta ranar da aka yi hirar. Wanda yake ɗan shekara goma a 1960 yanzu ya kai 75 ko fiye, kuma kowace damina tana rage mana su. Muna kuma ba da shawarar ƙungiya ta sa kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin sakandare da ya fi kowa yin bincike mai hujja a kan garin nan, a buga aikinsa a wannan mujalla da sunansa da na malaminsa.

Kammalawa

Mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyin burtsatse, mun sayi magunguna, kuma duk waɗannan ayyukan alheri ne. Wannan aikin kuwa kuɗinsa kaɗan ne, amma ba ya jira. Aji da ya rushe ana sake gina shi baɗi, dattijon da ya tafi da labarinsa ba ya dawowa. Gwamnati ta mai da tarihi cikin jadawalin darussa, saura mu sa masa abin da zai rayu da shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuriya, Ya kuma ƙara haɗa kan mutanen Kanya Babba na gida da na waje.